Gyaran Ruɓaɓɓen Haƙori Da Mayar Da Wanda Ya Fita

Duk wanda ya karanta babin diyya a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ya san abin da Shari'a ta yanka wa haƙori guda, watau raƙuma biyar, kuma a wurin Malikiyya na gaba da na turmi duk kuɗinsu ɗaya ne. To, baligi mai cikakken baki haƙoransa 32 ne. In aka buga lissafi sai a sami raƙuma 160, alhali kuwa diyyar rai ɗungum raƙuma 100 ce. Wannan ita ce dukiyar da mutum kan ɗauka da ƙafarsa ya kai wa mai awartaki a gefen kasuwa, ya ce a fizge masa ita, har ya biya lada a kai, don kawai ta hana shi barci kwana biyu.

Amfanin haƙori bai tsaya ga tauna ba. Masu ilmin tajwidi sun san cewa harafin fa'un daga leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama yake fita, sa'un mai ɗigo uku da zalun da za'un kuwa daga tsinin harshe da bakin waɗannan haƙora, ladun kuma daga gefen harshe inda ya jingina da turame. Saboda haka alaramman da ya yi giɓi a gaba karatunsa ma ya taɓu, ba murmushinsa kaɗai ba. Tsohon da turamensa suka zube kuwa nama ya gagare shi, gyaɗa ta gagare shi, sai kunu da fura, jiki kuma ya yi ta raguwa ana cewa tsufa ne.

Kafin a fahimci aikin likita sai an san ginin haƙorin kansa. Hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba, amma ba shi da rai, in ya ɓare ba ya tsirowa. A ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan rawaya-rawaya wanda bai kai na farko tauri ba, shi ne ke jin sanyin ƙanƙara da zafin shayi. A can tsakiya kuma akwai ɗan kogo mai ɗauke da ɓargo, watau jijiyar ji da hanyoyin jini, waɗanda suka bi ta cikin saiwa suka shiga ƙashin muƙamuƙi. Duk maganin da likita zai zaɓa ya rataya ne a kan tambaya guda: ɓarnar a wane hawa ta tsaya?

Mutane da yawa har yanzu sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori, shi ya sa masu turara wa mutum hayaƙi a baki, su nuna masa 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa su ce ga tsutsotsin sun faɗo, ba su rasa ciniki ba. Wannan zato ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne, tsoho ne ƙwarai, an same shi rubuce a allunan yumɓu na mutanen Babila, Turawa ma sun daɗe a kansa. Wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, wanda ya fitar da babban littafinsa na aikin haƙori a shekarar 1728, yana cikin na farko da suka ƙi yarda da shi, ya kuma ɗora laifi a kan sukari. A 1890 wani Ba'amurke mai aiki a Berlin, W. D. Miller, ya bayyana yadda abin yake. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani, suna zaune cikin danƙon da ke manne wa haƙori, suna cin sukarin da ya rage a baki, suna fitar da wani ruwa mai tsami, tsamin nan kuwa shi ke narkar da ɓawo kaɗan-kaɗan har rami ya buɗe. Yawu yana gyara ɓarnar in an ba shi sarari. Don haka yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa: wanda ke kurɓar shayi mai zaƙi sau shida a yini, ko yaron da alewa ba ta barin bakinsa, bai bar wa yawunsa lokacin yin aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum wajen biliyan biyu ne ke yawo da ruɓaɓɓen haƙori wanda ba a yi wa magani ba.

Abin da ya fi hana mutane zuwa asibiti shi ne tsoron zafi, tsoron kuwa gado ne daga zamanin da ya wuce. A 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙi wata iska mai gusar da ji, aka cire masa haƙori bai ji komai ba. A 1905 aka sami allurar Novocain a Jamus, a 1943 kuma aka haɗa wadda ta fi ta a ƙasar Suwidin, ita ce lidocaine, wadda ake aiki da ita har yau. In an yi ta a dasashi, cikin 'yan mintoci sai gefen bakin ya mutu mus, mutum yana ji ana taɓa shi amma ba ya jin ciwo.

In ramin bai kai ga ɓargo ba, aikin mai sauƙi ne, shi ake kira ciko. Likita ya gurje ruɓaɓɓen wurin da ɗan injinsa, ya wanke, ya busar, sa'an nan ya cike ramin da abin da zai daskare ya yi tauri. Abin cikon iri-iri ne. Akwai na dā mai launin toka, wanda aka haɗa da azurfa da kuza da jan ƙarfe da zaiba, zaibar ita ce kusan rabinsa. Yana da ƙarko, yakan yi shekara goma ko fiye a turmi, ga araha, amma duniya tana janye jiki daga gare shi saboda zaiba guba ce in ta shiga ruwa da ƙasa. An ƙulla yarjejeniyar Minamata a kan rage aiki da zaiba a 2013, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka hana ciko da shi daga farkon 2025, sai inda likita ya ga larura. Wanda ke da irin wannan ciko lafiyayye a bakinsa ba a ce ya je a tone masa ba, gama tonewar tana cin wani sashe na haƙorin a banza. Akwai kuma farin ciko mai kama da haƙori, wanda ake mannawa a haska masa wata shuɗiyar fitila ya daskare nan take. Na uku wani siminti ne da aka ƙirƙiro a Ingila wajen 1970, mai sakin sinadarin fuloraid wanda ke ƙarfafa ɓawo. Da shi ne aka gwada wata dabara a Tanzaniya cikin shekarun 1980, inda ake kankare rami da ɗan cokalin hannu a cike, ba inji ba lantarki. Dabara ce da ta dace da asibitin ƙauye ƙwarai.

Amma fa mafi yawan masu ciwon haƙori ba su zuwa a wannan mataki. Sukan tsaya su gwada kanumfari, wanda lalle yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, likitoci ma suna aiki da mansa, sai dai ba ya cike rami. Waɗansu sukan danna ƙwayar asfirin a dasashi ta ƙone musu nama, waɗansu har ruwan batir suke ɗigawa, wannan kuwa ganganci ne tsantsa. Ana nan ana nan har ruɓa ta isa ɓargo. A nan ne ciwon ke zama irin wanda ke bugawa kamar ganga, ya fi tsanani da dare in mutum ya kwanta, domin ɓargon ya kumbura a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa. Bayan 'yan kwanaki sai ciwon ya ɗauke ɗif, mai shi ya yi hamdala ya ce maganin wane ya ci. Ashe jijiyar ce ta mutu. Mushen yana nan a kulle cikin saiwa, ƙwayoyin cuta suna ta yaɗuwa, har su fita ta ƙarshen saiwar su tara mugunya a cikin ƙashi. Sa'an nan kunci ya haye. In turmin ƙasa ne, kumburin yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya toshe hanyar numfashi, cutar da wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya siffanta tun 1836, tana kuwa kisa. Duk wanda kumburin haƙori ya zo masa da zazzaɓi, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagare shi, to, ba mai jiran wayewar gari ba ne. Ƙwayoyin da ake saya a kantin magani sukan lafar da kumburi, amma ba su isa cikin mataccen haƙori, tun da jinin da zai kai su can ya daina shiga. Shi ya sa ciwon ke tafiya yana dawowa.

Ko a wannan hali ma ana iya ceton haƙorin, ta hanyar aikin da ake kira wankin saiwa, waɗansu kuma su ce kashe jijiya. Da farko a ɗauki hoton ƙashi don a ga tsawon saiwa da karkatarta. Sa'an nan likita ya huda haƙorin ta sama, ya zura waɗansu 'yan ƙarafa sirara kamar allura, ya kwashe mataccen ɓargon, ya yi ta gurzar hanyar yana wanke ta da ruwan magani har ta tsarkaka. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu, waɗansu ma a lanƙwashe, saboda haka aikin turmi ya fi cin lokaci da kuɗi, yakan kai zuwa biyu ko uku. In hanyoyin sun bushe sai a cusa musu wani ƙaro mai kama da roba wanda ake tatsa daga itatuwan ƙasar Malesiya da maƙwabtanta, a toshe bakin da ciko. Haƙorin ya zauna a gurbinsa ke nan, ba ya jin sanyi ba ya jin zafi, amma yana tauna. Aibinsa guda ne: an rarake cikinsa, ya zama kamar tukunyar da aka kankare, in ya gamu da tsakuwa a cikin shinkafa yana iya tsagewa. Don haka ake sa masa hula, watau a rage shi ta kowane gefe, a ɗauki awonsa, a ƙera masa murfi na ƙarfe ko na tangaran ko na zinariya, a kifa masa a manne da siminti.

Maganar hula ta kawo maganar haƙorin Makka, wanda alhazai da hajiyoyi suka daɗe suna dawowa da shi, na zinariya ko na azurfa, shaidar an sauke farali. Shi ma hula ce, sai dai an kifa ta a kan lafiyayyen haƙori don ado. In gwani ne ya yi ta, ta zauna daram a bakin dasashi, da sauƙi. In kuwa aikin gaggawa ne irin na lokacin da jirgi ke jira, sai a bar 'yar kafa tsakanin ƙarfe da haƙori, abinci ya riƙa maƙalewa, ruɓa ta yi ta aikinta a ɓoye a ƙarƙashin ƙyalli, ba a farga ba sai wari ya tashi ko dasashi ya fara jini. Mai irin wannan haƙori ya kyautu likita ya duba masa shi lokaci-lokaci. Game da hukuncin zinariya ga namiji kuwa, malamai sun yi sauƙi inda magani ya bukace ta, hujjarsu ita ce labarin Arfaja ɗan As'ad wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: an yanke masa hanci a wani yaƙi na Jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, aka umurce shi da ya sa na zinariya. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya lura da abu guda a cikin littafinsa At-Tasrif. Ya koyar da ɗaure haƙori mai girgiɗi ga maƙwabtansa da zaren zinariya ko na azurfa, ya fifita zinariya domin azurfa takan canza launi ta lalace a baki. Ya kuma zana ƙarafan kankare dattin haƙori, ya ambaci sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a ɗaura a giɓi.

Dattin nan da az-Zahrawi ke kankarewa shi ne babban mai zubar da haƙoran manya. Danƙon da asuwaki ko buroshi bai kai gare shi ba yakan daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙori, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya yi ta zaizayewa ba tare da ciwo ba, har ran da lafiyayyen haƙori, ba rami ba tabo, zai fara rawa. Masu ciwon sukari da mashaya taba su ne abin ya fi kamawa. Maganinsa wankin haƙori a asibiti. Ana yawan cewa wankin yana sa haƙora girgiɗi ko ya buɗe tsakaninsu, alhali dutsen ne dā ya toshe wurin da ƙashi ya riga ya cinye, da aka ɗebe shi sai ɓarnar ta bayyana.

Akwai kuma haƙorin da ya fita ɗungum da saiwarsa saboda faɗuwa daga babur ko karo a filin ƙwallo. Mutane kaɗan ne suka san ana mayar da shi ya kama. Sharaɗin shi ne sauri. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a goge ta, in ta yi ƙasa a ɗauraye ta kaɗan, a mayar da shi raminsa a cije tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. In mayarwar ta gagara, a jefa shi cikin madara a tafi da shi, kada a naɗe shi a takarda, domin in saiwar ta bushe ta kai awa guda da wuya ya kama yadda ya kamata. Wannan ga haƙorin girma ne. Na yarinta wanda ba a yi famfararsa ba ba a mayar da shi, don kada a raunata na ƙarƙashinsa mai zuwa. Iyaye kuma su lura da turmin da ke fitowa a can baya wajen shekara shida: ba ya famfara, na har abada ne, shi ne kuwa aka fi sakaci da shi.

In haƙori ya tsage har saiwa, ko ruɓa ta cinye shi ba abin da hula za ta kama, sai cirewa. Bayan an cire, gudan jinin da ya kwanta a ramin shi ne murfin ciwon, saboda haka ba a kurkure baki a ranar, ba a zuƙar taba, ba a sa harshe ana tono. Amma giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Na kusa da shi sukan karkato, na sama da shi ya zazzago tun da ba abin da ke tare shi, ƙashin wurin kuma ya shiga janyewa tun a watannin farko. Wanda ya rasa haƙora da yawa shi ya sa kumatunsa ke faɗawa.

Hanyoyin cike giɓi uku ne. Mafi araha haƙoran roba, waɗanda ake sawa a cire. Kafin a kai ga robar nan an sha fama: attajiran Turai sun sa na hauren giwa da na haƙorin dorina, shugaban Amurka na farko, George Washington, ya yi amfani da irinsu, bayan yaƙin Waterloo na 1815 kuwa har haƙoran sojojin da suka mutu aka bi aka ciro aka sayar. Roba mai tauri ta shigo a shekarun 1850, irin ta yanzu mai launin dasashi kuma a ƙarshen shekarun 1930. Mai haƙoran roba sai ya yi haƙuri na 'yan makonni kafin harshe ya saba, ya cire su da dare ya wanke ya jiƙa a ruwa, ya kuma san cewa bayan 'yan shekaru za su yi masa yawa, domin ƙashin da suke zaune a kai bai daina janyewa ba. Hanya ta biyu ita ce gada: a rage haƙoran da ke gefe biyu na giɓin, a ƙera huluna haɗe da haƙorin tsakiya, a manne gaba ɗaya. Ba a cire ta, tana da daɗin tauna, amma an taɓa lafiyayyu biyu saboda guda.

Ta uku ita ce dashe, asalinta kuwa abin mamaki ne. A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, ya dasa wani ɗan bututu na ƙarfen taitaniyam a ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cirewa sai abu ya ƙi fita, ƙashi ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. Jiki yakan kewaye baƙon abu da nama ya ware shi, amma wannan ƙarfe sai ƙashi ya rungume shi. Ya shafe shekaru yana gwaji kafin ya taɓa mutum, likitocin haƙori kuma suka daɗe suna yi masa kallon mai tatsuniya, har sai da aka yi wani taro a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 inda ya baje shaidarsa, daga nan aikin ya bazu a duniya. Yadda ake yi shi ne a huda ƙashin muƙamuƙi a murɗa wata 'yar ƙusa ta taitaniyam a madadin saiwa, a bar ta wata uku zuwa shida ƙashi ya kama ta, sa'an nan a ɗora mata hula. Ba a taɓa maƙwabta, ƙashin wurin kuma ya rage janyewa tun da ya sami abin ɗauka.

Sai dai ba kowa ne dashe ya dace da shi ba. Shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, masu yin sa kuma sai a manyan birane. Likitocin haƙori dā ma kaɗan ne a Nijeriya: makarantar koyon aikin ta farko a Legas aka buɗe ta a 1966, Arewa kuwa ba ta sami nata ba sai daga baya, a jami'o'in Maiduguri da Kano. Ba a yi wa yaron da ƙashinsa bai gama girma ba, mai ciwon sukarin da bai daidaita ba sai ya daidaita shi, mashayin taba kuma nasa ya fi saurin lalacewa. Wanda ya bar giɓi shekara da shekaru har ƙashi ya sirance sai an yi masa ƙarin ƙashi tukuna. Ƙarfe ba ya ruɓa, gaskiya ne, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa da irin cutar da ke kama na haƙorin asali in an bar datti, don haka asuwaki da buroshi ba su faɗi a kan mai dashe ba. In an kula da shi kuwa yana daɗewa. Mutum na farko da Brånemark ya yi wa aikin, Gösta Larsson, an dasa masa ƙusoshi huɗu a muƙamuƙin ƙasa a birnin Gothenburg a 1965, ya ci abinci da su shekara arba'in, ya rasu a 2006 suna nan a bakinsa.